Sawun da Shanu Suka Rufe

Da sanyin safiyar wata Laraba, a ƙarshen damina, Yunusa ya je garkarsa ta rake ya tarar an yi masa ɓarna. Shingen kaba da ya ɗaure da hannunsa an ɓalle shi ta gabas. Raken da saura sati biyu a sara ga shi kwance kamar an yi birgima a kansa, kunyoyin dankali an tone, ganyen an kwashe tas. A jikin sandunan shingen kuma akwai wani abu ja-ja mai yauƙi, kamar jinin da bai gama bushewa ba. Duk inda ya duba, sawun shanu ne.

Bai yi ihu ba. Zama ya yi a bakin rijiyar garkar ya dafe kai, a haka masu wucewa suka gan shi. Kafin rana ta yi tsawon mashi, Kwarin Bado duk ya hallara.

Kwarin Bado ƙauye ne ƙarami a ƙasar Dungas, ba nisa da Dogo-Dogo. A shekarar an yi ruwan da tsofaffi suka ce rabonsu da irinsa tun suna samari. Tafkin bayan gari ya cika ya tumbatsa, kacala da goruba suka rufe bakinsa, har ya zama wani ɗan daji mai duhu wanda mata ba sa son bi ta gefensa.

Wanda ya fara kiran suna shi ne Alhaji Abdulwahabu, ɗan kasuwa mai safarar kaya tsakanin Magariya da Najeriya, wanda bara ya sayi fili a gefen gari ya zagaye shi da katanga. Yana zaune bisa motonsa mai ƙafa biyu, ko sauka bai yi ba.

"Wannan ai ba ya buƙatar tambaya," in ji shi. "Shanun wa ke kwana kusa da nan in ba na Amadu ba?"

Amadu makiyayi ne mai noma, shekara goma sha bakwai rugarsu na nan arewa da tafki. Samari suka fara gunaguni, wasu har sun koma gida ɗauko sanduna. Wani ya ce a ƙone rugar, wani ya ce a kama shanun tukuna. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Kowa ya ja baya. Kada ƙafar kowa ta ƙara shiga garkar nan. A tafi Dogo-Dogo a kira mini Ɗanasabe."

*

Ɗanasabe mai bin sawu ya iso a kan jakinsa wajen hantsi. Tsoho ne siriri, ya haura sittin, maganarsa a hankali kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. An san shi daga Yekuwa har Magariya. Akuyar da aka sace tun kwana uku, in dai ba a yi ruwa ba, yakan bi ta har bakin tukunya.

Ya gaisa da mai gari, ya jajanta wa Yunusa, sannan ya cire takalmansa ya shiga garkar shi kaɗai. Ya daɗe a tsugune. Masu kallo suka gaji, wasu suka koma inuwa.

Abin da ƙasa ta fara gaya masa shi ne shanun ba su ci komai ba. Saniyar da ta shiga garka don kanta takan tsaya, ta juya, ta kasayar, ta sake tsayawa. Waɗannan kuwa a guje suka shiga, aka zagaya da su sau biyu, aka fitar da su. Koro su aka yi. A bayansu ga sawun mutum ɗaya da takalmi sau-ciki, irin na 'yan birni. Da zai shiga, takunsa daidai yake. Da zai fita kuwa ƙafar hagu ba ta sauka duka, gefenta kawai ke taɓa ƙasa. A tsakiyar garkar, inda shanun suka cunkushe, ya ga wurin da mutumin ya faɗi, tafin hannunsa biyu a cikin laka.

Yana shirin miƙewa sai ya ɗaga wani faffaɗan ganyen kabewa a gindin shinge. A ƙarƙashinsa akwai sawu guda ɗaya da shanun ba su taka ba. Yatsu huɗu ne a buɗe, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ya nutse a laka kamar na abu mai nauyi.

Ɗanasabe ya ji garkar ta yi masa nisa. Shekara arba'in baya, yana saurayi, ya yi cirani a kurmin Kodibuwa, yana aikin gonar koko. Can ruwa sau biyu yake sauka, ya zubo daga sama, in ya ɗauke kuma ganyaye su ci gaba da zubo da nasu har yamma. Wata safiya wani tsohon maharbi na ƙasar ya kai shi bakin wani rafi da rana ba ta taɓa gani ba, ya nuna masa irin wannan sawu. Ya ce dorinar kurmi ce, ƙarama, ba ta shiga garke, ita kaɗai take yawo. Ya ce mutum yakan tsufa a dajin bai gan ta ba, amma ita ta gan shi. Shekara shida Ɗanasabe ya yi a can, sawunta kaɗai ya sani.

Ya mayar da ganyen yadda yake.

"Baba, me ka gani?" in ji Yunusa.

"Na ga ƙasa tana magana biyu. Ka ba ni zuwa gobe la'asar."

*

A rugar ya tarar da Amadu zaune a gindin gawo, sandarsa a kan cinya, matansa sun fara ɗaure kaya. Mahaifiyarsa, Inna Hawa, tana gefe tana kaɗa nono kamar ba abin da ya faru.

"Ba zan ɓoye maka ba, Baba, shanuna ne," in ji Amadu. "Da asuba na same su a warwatse, ƙafafunsu duk laka. Amma wallahi ba ni na kai su ba. Zo ka gani."

Ya kai shi turakun. Igiyoyin duk an yanke su da wuƙa.

"Makiyayi yana yanke igiyarsa?" in ji Amadu. "Kwana biyu nake tufka guda ɗaya."

"Karnukanku fa?"

"Sun bi ƙanena mashekari, wajen kiwo, tun watan jiya."

Ɗanasabe ya zagaya shanun. Wata jar saniya mai karyayyen ƙaho ta huro masa hanci, ta daki ƙasa.

"Yi nesa da wannan," in ji Amadu. "Ba ta son baƙon hannu. Ko ni sai na yi mata magana kafin in taɓa ta. Wanda bai san ta ba, sai ta banke shi ta taka."

Tsohon ya gyaɗa kai. Har zai tafi, Inna Hawa ta ajiye maburgi ta kira shi da hannu.

"Malam Ɗanasabe, mu da muka tsufa ba a yi mana dariya a tsakaninmu. Shekaranjiya da sassafe na je tafki wanke ƙorai. Hazo na kwance a kan ruwa. Sai na ga wani baƙin tulu, babba, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na ce wace mai hankali ce ta bar tulunta a nan. Sai tulun ya buɗe ido ya dube ni."

"Sai me, Inna?"

"Sai ya shige ruwa, ko ƙara babu. Na yi addu'a na dawo. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce tsohuwar ruga ta fara gane-gane."

Shekaranjiya. Ke nan dabbar ta kwana biyu a sake kafin ta shiga garkar Yunusa, kuma akwai wanda ya kwana biyu yana nemanta a ɓoye.

*

Da ya koma gari labarin ɗingishi ya riga shi isa, don mai gari ya tambaye shi a gefe, shi kuma mai gari bakinsa ba ya riƙe ruwa. Nan da nan zargi ya tashi daga kan Amadu ya sauka a kan Sabo maharbi. Kowa ya san Sabo yana ɗingishi, kowa kuma ya san sun taɓa cacar baki da Amadu a kan wani tarko da saniya ta faɗa.

Ɗanasabe ya same shi a ƙofar gida yana goge bindigarsa ta toka.

"Ka zo kama ni, Baba?"

"Na zo shan ruwa. Tashi ka ɗebo mini."

Sabo ya tashi ya shiga gida ya fito da moɗa. Tsohon bai kalli moɗar ba, ƙasa yake kallo. Ƙafar dama ce ke jan Sabo, tsohon ciwo ne, ta saba da shi har ta yi wa kanta hanya. Ba ita ce ta fita daga garkar ba.

"Ni na san abin da ya ci raken nan," in ji Sabo da ya zauna. "Mugun dawa ne. Na ga inda ya kutsa cikin kacala. Gobe zan yi masa kwanto."

"Ka taɓa ganin mugun dawa mai yatsu huɗu a ƙasa?"

Sabo ya ci gaba da goge bindigarsa.

"Ka bar bindigar nan ta huta kwana biyu, don girman Allah. Wa kake gani zai so a kori Amadu?"

"Ka tambayi Yunusa da kansa. Shekara nawa yana kwaɗayin burtalin da shanun ke bi, yana so ya ƙara garka." Sabo ya tofar da yawu gefe. "Garin nan kowa da abin da yake ɓoyewa. Dubi Alhaji. Kwana tara amalanke na kai masa ruwa bayan katanga, safe da yamma, amma ko tumatir ɗaya bai shuka ba. Shekaranjiya kuma aka daina. Ka ce aljanu yake shayarwa."

Ɗanasabe ya shanye ruwansa ya yi godiya.

*

Bayan azahar ya bi sawun dabbar ta baya, don ya ga inda ya fito. Ya kai shi har hanyar amalanke da ta ratsa bayan garkunan gari, a nan ya ɓace, kofatan jakuna da tayoyi sun cinye shi. Sai ya juyo ya bi shi ta gaba.

Ta gaba sawun bai ɓoye kansa ba. Ya gangara tafki, ya shiga kacala ta wata 'yar kafa da dabbar ta huda, zagayayyiya kamar bakin rumbu. Sai da tsohon ya rarrafa. A ciki haske kore ne, sanyi na tashi daga laka. Ya ga ta bi hanyar nan ta dawo, ta sake bi ta sake dawowa, ba ta kauce ko taki ɗaya ba. A ganyayen gefe ga kashinta a warwatse, ta fesa shi da wutsiya don ta shaida hanyarta. A jikin karan kacala ga jan yauƙin nan da mutane suka ɗauka jini ne. Ya shafa, ya sansana. Ba jini ba ne, gumin fatarta ne.

Kafar ta ƙare a gindin wata tsohuwar goruba da ruwa ya zaizaye saiwoyinta. Ya zauna a kan wata saiwa, ya jingina, ya yi shiru irin na mai bin sawu, shirun da har tsuntsaye kan manta da mutum. Ganyen bado ya rufe ruwan. Mazari na sauka yana tashi. Bai san tsawon lokacin da ya yi ba, har ya fara jin kamar ɗigon ruwan kurmi a kafaɗarsa, kamar in ya waiga zai ga tsohon maharbin nan tsaye da addarsa.

Sai ganyen bado guda ya ɗaga.

Kunnuwa biyu ƙanana suka fito, suka karkaɗe ruwa. Sannan goshi, sannan idanu a gefen kai, masu laushi kamar na ɗan maraƙi. Ta taso a hankali har bayanta ya bayyana, baƙi mai ɗan kore, tsayinta bai kai ƙugun mutum ba. A wuyanta akwai guntun igiyar roba shuɗiya, ta ci fata ta yi gyambo. Gadon bayanta ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara.

Suka dubi juna. Shekara arba'in, ga ta a ƙasar gero, tafiyar kwanaki daga inda Allah ya ajiye ta.

"Sannu, baiwar Allah," in ji Ɗanasabe a hankali. "Wa ya kawo ki nan?"

Ta huro iska ta hanci, ta koma ƙarƙashin saiwoyin. Ganyen bado ya rufe kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

Da ya fito bai tsaya ko'ina ba sai gidan mai gari. Ya ce a buga salula Magariya, a kira ma'aikatan gandun daji. Ya kuma roƙi abu ɗaya: gobe kafin la'asar a share filin da ke tsakanin dalbejiyar fada da masallaci, a yayyafa masa ruwa.

"Don baƙi?" in ji mai gari.

"Don baƙi, ranka ya daɗe. Wannan karon kuma a bar maganar a cikinka."

*

Washegari aka taru a gindin dalbejiya. Daga Magariya wata ma'aikaciyar gandun daji ta zo, Zahara'u, mace mai kimanin shekara talatin da biyar cikin kaki, tare da jandarma ɗaya. Amadu na zaune can gefe shi kaɗai. Sabo ya zo ba bindiga. Yunusa ya zauna kusa da mai gari, fuska a ɗaure. Alhaji Abdulwahabu kuwa, wanda kullum sai an jira shi, yau shi ya riga kowa. Motonsa na jingine a bakin tabarma, shi yana zaune ya lulluɓe ƙafafunsa da babbar riga.

Ɗanasabe bai yi sauri ba. Ya ce shanun Amadu sun shiga garka, gaskiya ne, amma koro su aka yi. Ya ce wanda ya yanke igiyoyin ba makiyayi ba ne. Ya ce Sabo da ɗingishinsa ya shigo maganar nan, da shi zai fita, ba ruwansa. Ya juya ga Yunusa.

"An ce kana son burtali."

"Ina so, Baba, ban musa ba. Amma mahaukaci ne zai kashe raken shekara don burtali."

"Haka ne."

"To in ba wannan ba, ba wancan ba, wa ke nan?" in ji Alhaji. "Malam Ɗanasabe, tsufa fa ba laifi ba ne. In ido ya gaza a faɗa. A bar makiyayin nan ya kwashe ya tafi, gari ya huta."

"Ido ya gaza, Alhaji, ba ƙarya. Shi ya sa nake jiran a taimake ni."

Ya koma ya zauna. Jama'a suka fara motsi, suna duban juna. Ana cikin haka ladan ya kira la'asar.

Kowa ya miƙe. Aka kawo butoci, masu alwala suka tsuguna. Alhaji ya ce shi da alwalarsa. Ya jira mutane suka yi gaba, sannan ya tashi, ya gyara riga, ya ratsa filin a miƙe, kai sama, ba wanda zai ce ga abin da ke damunsa. Ɗanasabe ne na ƙarshen shiga masallaci, ta gefen fili ya bi.

Da aka sallame ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Kowa ya dakata. Ranka ya daɗe, zo ka gani. 'Yata, ke ma zo da jandarmanki."

A kan jiƙaƙƙen yashin sawun gari duka na kwance, kamar rubutu a allo. Tsohon ya ɗauki tsinke ya bi su. Ga na Amadu, takalmin roba, taku mai tsawo na mai bin dabba. Ga na Sabo da jan ƙafarsa. Ga na Yunusa. Sannan ya tsaya a kan wani layi da ya taso daga bakin tabarma.

"Wannan takalmin sabo ne, ba shi ya shiga garka ba. Takalmi ana sake shi. Amma ku dubi hagu. Gefenta kaɗai ke sauka, takun kuma gajere ne, mai shi yana cije baki yana tafiya. Haka ta fita daga garkar Yunusa shekaranjiya da dare, bayan jar saniyar Amadu ta kayar da mai ita ta taka shi." Ya ɗago. "Alhaji, a cikin sahu na ga ba ka iya zama a kanta ba. Cire takalmin mu gani."

Alhaji ya dubi jandarma, ya dubi hanya, ya dubi motonsa da ke can nesa a gindin dalbejiya. Sai ya zauna a dakalin masallaci. Da ya zare takalmin, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, shatar kofato a bayanta.

"Ni ɗan aike ne kawai," in ji shi. "Daga kudu aka miƙo mini ita a akwati. Cewa aka yi in ajiye ta kwana goma, wata mota za ta zo ta haura da ita arewa, gidan wani mai hali da ke tara namun daji. Ta fasa ƙofa ta fita. Kwana biyu ina nema. Da na ga abin da ta yi a garka, na san in gari ya waye aka ga sawunta, tawa ta ƙare."

"Sai ka ce bari ta Amadu ta ƙare," in ji mai gari.

Alhaji ya mayar da idonsa kan kumburarriyar ƙafarsa.

"Ita wa?" in ji Yunusa. "Wace ce ake ta cewa ita?"

*

Zahara'u ce ta yi musu bayani, bayan ta rarrafa kafar kacala da kanta ta fito kakinta duk laka, idanunta sun yi ja. Ta ce dorinar kurmi ce, ko ita a takarda kaɗai ta taɓa ganin irinta. Ta ce a duniya duka waɗanda suka rage a daji ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba, a kurmin ƙasashe huɗu na bakin teku, kuma kullum ana sare kurmin. Ta ce fatarta ba ta jure rana, in tafkin nan ya ja baya, ko a ɗauke ta ko ta mutu.

"Yaushe za a ɗauke ta?" in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, sai an samo likitan dabbobi da mota daga Yamai. Zai kai sati biyu, zai iya fi. Ni kaɗai ba zan iya tsaron ta ba. In garin nan bai so ta rayu ba, ba za ta rayu ba."

Wani saurayi daga baya ya ce nama ne Allah ya kawo har gida. Wasu suka yi dariya. Aka juya ana duban Yunusa, don shi aka yi wa ɓarna, maganarsa ce za ta yi nauyi.

"Sai na gan ta," in ji Yunusa.

Ɗanasabe ya kai shi da sassafe. Suka zauna a kan saiwar goruba har ƙafafunsu suka yi tsami. Da ta fito, Yunusa ya daɗe yana kallon gyambon wuyanta.  Da yamma aka gan shi ya ɗauko raken da ya karye, wanda ba zai sayu ba, ya kai bakin kafar ya zube. Daga nan ya wuce ruga. Abin da suka faɗa da Amadu ba wanda ya ji, amma matan rugar sun kwance kayan da suka ɗaure.

Kwana goma sha tara aka yi. Amadu ya sauya wa shanunsa mashaya, yana kai su rijiya mai nisa don kada su tattake bakin tafkin. Sabo, da ya fi kowa sanin mai iya zuwa da bindiga, shi ya zama mai gadi. Mata suka daina yankan kacala ta wannan gefen. Inna Hawa takan aiko da ganyen wake, ta ce a kai wa tulunta. Ruwa kuwa kullum yana ja da baya, taki ɗaya, taki biyu, har saiwoyin gorubar suka fara fitowa fili.

Ran da kamyon, babbar motar kaya, ya iso, likitan ya tambayi inda za a ajiye akwatin da za a kama ta da shi. Kowa ya dubi Ɗanasabe. Ya san ba ta kauce wa hanyarta, ya san daidai inda za ta sa ƙafa. Ya ɗan jima bai motsa ba, don bai taɓa nuna sawu a kama marar laifi ba.

"'Yata, kurmin za a mai da ita?"

"Za a fara yi mata magani, Baba," in ji Zahara'u. "Bayan nan ana magana da mutanen can. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma ba za ta je gidan kowa ta zama abin kallo ba, wannan na tsaya a kai."

Ya nuna musu wurin. Da gari ya waye tana ciki, kwance a kan jiƙaƙƙun buhuna, an cire mata igiyar.

Gari duka ya raka kamyon har bayan gonaki, sannan aka juya. Ɗanasabe bai juya ba. Ya bar jakinsa wajen Amadu ya bi sawun tayoyin a ƙasa, shi kaɗai. Ruwa na ɗiga jefi-jefi daga buhunan, ɗigon yana nan a yashi bai bushe ba. Ya bi su ta cikin karan gero, ta gefen rijiyoyi, ta ƙauyuka biyu inda aka gaishe shi aka tambaye shi abin da aka sace, ya ce ba komai. Rana ta take tsaka lokacin da ya iso babban titi. A nan tayoyin suka hau gudro, titin kwalta, baƙi, mai santsi, wanda ba ya riƙe sawun kowa.

Ya tsaya a bakin titin, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Wani mai moto ya rage gudu ya tsaya a gabansa.

"Baba, ina zuwa? In kai ka?"

"A'a, ɗana. Nan aikina ya tsaya."

Ya zauna a inuwar wata aduwa ya huta, sannan ya kama hanyar gida.